Littafin Hassana Babu Jan Biro

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni manomin albasa ne daga Bunkure.

'Yata Hassana tana sakandare. Na buɗe littafinta na lissafi, tun farkon zango babu jan biro ko sau ɗaya. Raina ya ɓaci, na bar ban ruwa na tafi in yi wa malamin tas. Na tarar an haɗa masa aji uku a ɗaki ɗaya, wasu yaran ta taga suke leƙe, muryarsa ta dishe. Ya ce abokan aikinsa sun yi ritaya, wai gwamnati ta rage kuɗi, ba za a kawo wasu ba. Kunya ta kama ni. Ko albasa na cunkusa haka, ba za ta yi kai ba.

Maƙwabcina ya ce in cire ta ta koma tsinkar tumatir. Wallahi ba zan cire ta ba! Ranar Litinin mu iyaye za mu zube littattafan nan a teburin ofishin ilimi. Tunda malami ya yi musu tsada, su ɗauki jan biro su duba da kansu.

Malam, ka yafe mini. Iyayen Kura, maƙwabtanmu, ku ma ku buɗe jakar 'ya'yanku yau.