Abin da Muka Rubuta wa Mataimaki

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Shugaban taro, Alhaji Sabitu. Mai girma Sarkin Zongo da 'yan majalisarsa. Limamai da malamanmu. Iyayenmu mata 'yan kasuwa. Direbobi da masu fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Munir Abdulkuddus. Ina godiya ga ƙungiya da ta ɗora mini jagorancin wannan bincike, ina kuma godiya ga waɗanda suka rufe shaguna tun daga unguwar Kodjoviakopé, a nan Togo, suka zo su saurara.

Kun san Mataimaki, wato wakilin nan mai ƙirƙirarriyar basira da ƙungiya ta sa a wayoyinmu bara. Ana yi masa magana, shi kuma ya yi aikin. Sai dai ba shi da hannu, kayan aiki aka ba shi: wani na duba inda kwantena take, wani na neman mota, wani na sauya ranar ɗaukar kaya. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, kuma wannan bayanin kaɗai Mataimaki yake karantawa kafin ya zaɓi wanda zai taɓa. Bai taɓa shiga tasha ba, bai taɓa ganin mota ba. Abin da aka rubuta masa shi ne iyakar saninsa game da aikinmu.

Na farko, abin da ya faru. Kafin azumin da ya wuce, Hajiya Haulatu, mai sayar da dabino, tana da kwantena da za ta wuce arewa, an riga an tsayar mata da mota da rana. Ta aika wa Mataimaki saƙon murya ta ce: "Duba mini, ko za a iya matso da ranar nan kusa?" Tambaya ta yi, ba umarni ta bayar ba. Mataimaki ya ɗauki kayan aikin sauya rana. Bayaninsa layi ɗaya ne da Faransanci, ma'anarsa: yana lura da ranakun ɗaukar kaya. Bai ce yana goge tsohuwar rana da zarar an taɓa shi ba. Bai ce ba a iya mayar da ita ba. Ranar ta goge, sabuwa ba ta samu ba, motar ta tafi da kayan wani. Hajiya ba ta sani ba sai da direba Abdoul ya kira ta daga hanya ya ce: "Hajiya, ai 'yan biro, can ofis, sun ce kin fasa." Dabinon ya isa bayan an kai rabin azumi, waɗanda suka saba saya a hannunta sun riga sun saya a wani wuri.

Na biyu, yadda muka auna. Ba mu tambayi wanda ya rubuta bayanan ba, domin shi ya san abin da yake nufi, idonsa zai cike abin da alƙalaminsa ya bari. Mun ba da su ga mutanen da ba su san tsarin ba, cikinsu akwai Malama Najwa ta makarantar Islamiyya da Malam Salahu mahauci. Muka ce kowa ya karanta ya faɗa mana: mene ne aikin wannan, yaushe ake ɗaukarsa, yaushe ake barinsa, me yake bukata a ba shi, kuma in ya yi aikin ana iya warwarewa? Inda mutum mai hankali ya tsaya yana zato, mun ɗauka a nan na'ura ma za ta yi zato, sai dai ita ba za ta nuna a fuska ba.

Malama Najwa ta karanta bayanin sauya rana, ta ce da ni: "Munir, ni na ɗauka kalanda ce, a duba a rufe." Fahimtarta da ta Mataimaki ɗaya ce.

Daga nan muka tattara saƙonnin da ku da kanku kuka aika, da izininku, yadda kuka faɗe su, Hausa da Faransanci da yaren Mina a cakuɗe. Muka gwada su da tsofaffin bayanai, muka sake rubuta bayanan, muka sake gwadawa. Na'urar ba mu taɓa ta ba, rubutu kawai muka sauya. Da sabon rubutu, a kan saƙon Hajiya, Mataimaki ya duba ranakun da suka rage, ya tsaya ya tambaya: "In soke ranarki ta yanzu? In na soke ba za ta dawo ba."

Na uku, Taufiq, wanda ya rubuta bayanan. Na ji abin da ake faɗa a kansa a bakin masallaci. Kwamitinmu na bincike bai same shi da ha'inci ba. An ce ya taƙaita, ya taƙaita, kuma babu wanda aka sa ya karanta bayansa. Shi ne ya fi kowa zama a kan gyaran, ya kuma je gidan Hajiya da ƙafarsa. Ta ce masa: "Ɗana, ni ban ce a kashe abin ba. Cewa na yi ya riƙa tambaya kafin ya taɓa kayana."

Shawararmu ke nan. A bar kayan aikin dubawa su ci gaba. Duk wanda yake sauyawa ko sokewa, kada ya yi aiki sai mai kaya ya amsa. Kuma kada sabon bayani ya shiga sai wanda ba shi ya rubuta ba ya karanta ya gane.

Saura abu ɗaya da ya gagare mu. Kayan aikin raba motoci, mun kasa rubuta bayaninsa. In mutum biyu suna son mota ɗaya, wa za a ba? Direbobi sun ce wanda ya fara nema. Iyayenmu mata sun ce wanda kayansa ke lalacewa. Wasu dattawa sun ce wanda ya daɗe a ƙungiya. Ba za mu iya rubuta wa na'ura abin da mu ba mu daidaita a kansa ba. Mun dakatar da shi, kuma zai ci gaba da zama a dakace har sai wannan zaure ya yanke hukunci.

Allah Ya haɗa kanmu a kan gaskiya, Ya sa albarka a nemanmu, Ya tsare matafiyanmu, Ya zaunar da Zongo da ƙasar Togo lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.