Sa Hannun Alhaji Buba Ya Ci Motarsa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara, ina sayar da siminti a Nukkai tun rasuwar maigidana.

Bara wani ɗan kwangila ya nemi siminti bashi, na ƙi. Sai Alhaji Buba, aminin marigayi, ya sa hannu cewa in mutumin bai biya ba, shi zai biya. Ɗan kwangila ya gudu. Da na je wurin Alhaji, dariya ya yi ya ce, "Hajiya, takardar nan ta kwantar da hankali ce kawai. Je ki yi abin da za ki iya."

Na sayar da 'yan kunnena na ɗauki lauya. Wata tara muna zaryar kotu, alƙali ya ce sa hannunsa ya ɗaure shi, a kama motarsa a yi gwanjonta.

Yanzu dattawa sun cika min gida, wai in rufa masa asiri. Ni kuwa so nake a ja motar da rana tsaka, duk mutanen unguwarsu ta Barade su fito kallo. Masu sauraro, ku ba ni shawara, amma wallahi zuciyata ba ta huce ba.