Dala Ashirin Sau Arba'in

A tashar Gure, Barmo na jiran motar Damagaram, dattijuwar da ke gefensa ta ga yana ta murza salula.

"Ɗana, lafiya?"

"Banki ya rufe mini asusu, Inna. Wai tura kuɗina ya yi kama da zamba, sai na je na yi bayani."

"Zambar ka yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Budurwata Husseina ce ta daina ɗaukar kirana. Sai nake tura mata dala ashirin-ashirin, wato sefa ɗari-ɗari, don wajen tura kuɗi akwai gurbin rubuta saƙo. Sau arba'in."

"Ta amsa?"

"Ta maido su a dunƙule, ko harafi babu."

"Allah sarki. Kenan a gabanka ma'aikata za su karanta saƙonnin?"

Barmo ya rufe fuska da hula. Sai yanzu wannan ya faɗo masa a rai.