Guguwan Rana da na Yamma

A shagon gyaran na'urar wasa na ji wani dattijo da wani saurayi suna hira.

"Baba, ta jikanka ka kawo gyara?"

"Ta ɗana ce. In ya fita aiki, nakan buga ƙwallo a intanet da sunansa, Guguwa."

Saurayin ya zabura. "Kai ne Guguwa? Da rana ka lallasa ni, da yamma in zura maka biyar!"

"Na yamman ɗana ne. Rufa min asiri, yaro. Makinsa na hawa, yana ta murna wai ya ƙware."

"To, bar ni in ci ka sau ɗaya, in yi shiru."

"Haba! In faɗi da gangan? Ai wannan yaudara ce."