Baba Ya Yi Wa Lambun Tsirrai Noma

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Mungadi.

Da damina ta zauna, na kai mahaifina, manomin albasa, kallon furanni a lambun tsirrai na Aliero. Muna shiga ya hangi aya-aya, ciyawar nan da ke addabar albasa. Kafin in juya, har ya duƙa yana tumɓukewa!

Mai kula da lambun ya sheƙo: "Baba, tsaya! Shuka ta muka yi don ɗalibai su san ta."

Baba ya riƙe haɓa: "Shekara arba'in ina yaƙi da ita, ku ko kuna ba ta ruwa?"

Muka yi ta dariya. Da hannunsa ya sake dasa ta, yana ƙunƙuni.

A gaishe min da manoman Maiyama. Lambun ya yi kyau bana, ku je ku gani, amma kowa ya bar hannunsa cikin aljihu!