Jan Baiti a Ƙungiyar Matan Kiyako

A tashar Birnin Kudu, Batulu na jiran motar Gwaram ta cika, sai matar da ke gefenta ta kunna waƙar yabo a waya.

"Baiwar Allah, ji murya! Bara'atu ce, ta ƙungiyar matan Kiyako."

"Na san ta. Ihu ne kawai," in ji Batulu, ta kau da kai. "Shekara goma sha biyu ina jan baiti, daga zuwanta aka mai da ni 'yar amshi."

"Au, ke ce Inna Batulu? Bara'atu 'yata ce, aure ya kai ta garinku. Kullum cewa take ke kika koya mata."

Batulu ta juyo, ta matso kusa da wayar.

"Ƙaro sautin," ta ce. "Kin ji nan? Har yanzu ba ta iya jan numfashi kamar ni ba."