Wayar da Ban Ja Zuwa Gida Ba

Tunkiyar Inna aka sayar a kasuwar Dawakin Tofa aka yi mini kuɗin mota zuwa Legas. Ku matso, jikokina, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Lokacin wannan ta aljihun ba ta iso ƙauyenmu ba.

Wani ɗan garinmu, Habu, ya kai ni wajen ogansa. Aikinsu kai wa mutane intanet ta tsohuwar wayar tarho ta gida. Ogan ya ce sunan abin "Di-Es-El". Ni kuwa dizal na ji, har na tambaye shi ina jarka. Sun shekara suna kirana Mai Dizal. Akwatin da ake jonawa a ɗaki kuma, modem, Habu "Madam" yake ce masa. Wai in ta yi fushi sai ta kunna jan ido.

Abin da ban mamaki. Siririyar wayar tagulla guda ɗaya, magana na bin ta, intanet na bin ta, ba mai taka wani. Sai dai in gida ya yi nisa da ofishin tarho, ƙarfin ya ragu. Ni nake hawa falwaya, in kankare tsatsa, in ɗaura. Na ga wata tsohuwa tana hira da ɗanta da ke Turai, tana dariya, ta wayar da na ɗaura da hannuna.

Na baro 'yata Rabi, yayar babanku, a gida tana shekara huɗu.

Wata ranar Talata ina saman falwaya, wani direban motar shanu daga garinmu ya tsaya a ƙasa yana kiran sunana. Ya ce Rabi ta rasu, ƙyanda ce. Kwana tara saƙon ya yi a hanya.

Na sami oga.
"Zan je gida, 'yata ta rasu."
"Yaushe?"
"Kwana tara ke nan."
"To ai an riga an binne. Gama layin nan tukuna."
Na ajiye masa filayarsa a kan tebur.

Na iso ana yankan gero. Kakarku Hauwa ta kawo mini ruwa, ta zauna a bakin ƙofa, ba ta yi kuka ba. Sai da na sha ta ce, "Malam, kwana uku tana tambaya ko ka taho. Kullum ce mata nake kana hanya."

Ban sake komawa Legas ba.